Goodfellas da Mutanen Bakin Iyaka: Wa Ke Ɗaure wa Ɓarawo Gindi?

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa tsakanin dattawa da samari a garuruwanmu na bakin iyaka, tun daga Birnin Ƙonni har Malbaza da Illela ta Adar, game da finafinan nan na manyan ɓarayi da shugabannin ƙungiyoyin fasadi, waɗanda a da ake taruwa a kalla a gidajen bidiyo bayan sallar lisha, yau kuwa kowane yaro yana yawo da su cikin wayarsa, ya je bakin tasha mai tura finafinai ya zuba masa da kuɗi ƙalilan. Dattawa suna cewa su ne suka lalata tarbiyya, suka koya wa yara sha'awar bindiga da raina na gaba. Samari kuwa suna cewa wasa ne kurum, wanda ya kalla ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Ni dai a nawa ganin, ɓangarorin nan biyu duk sun sauƙaƙa wa kansu mas'alar fiye da kima, kuma ina so in kafa hujjata da fim guda, wanda masana wannan fanni suka yi ittifaƙi a kan cewa yana cikin mafiya inganci da aka taɓa yi a kan rayuwar irin waɗannan mutane, watau Goodfellas, wanda Martin Scorsese ya shirya a Amurka, ya fito a 1990.

Asalin labarin gaskiya ne. Wani ɗan jarida mai suna Nicholas Pileggi ya zauna da wani tsohon yaron ƙungiyar Mafiya, Henry Hill, ya rubuta tarihinsa cikin littafin da ya fito a 1985, sa'an nan shi da Scorsese suka mai da shi fim. Shi wannan Henry an haife shi a 1943, ubansa ɗan asalin Ailan, uwarsa kuwa 'yar asalin tsibirin Sisili na Italiya, ya tashi a wata unguwar talakawa ta Buruklin cikin birnin Niyok, inda tagar gidansu take fuskantar wata tashar motocin haya wadda ta zama majalisar manyan ƙungiyar. Tun bai balaga ba ya fara yi musu aike, yana gyara musu tsayuwar motoci, yana sayar da tabar da ba a biya mata haraji ba, har ya girma a hannunsu, ya shekara wajen 25 yana sata da ƙwace da tare manyan motocin kaya, kafin a kama shi da hodar iblis a 1980, ya ga ba shi da mafita sai ya tona asirin iyayen gidansa a gaban alƙali, hukuma ta sauya masa suna ta ɓoye shi.

Inda ya kamata mai hankali ya daɗe yana nazari shi ne farkon fim ɗin, tun kafin a zubar da jinin kowa a idon yaron. Gidansu Henry akwai abinci, ubansa kuma yana da sana'a, yana fita da safe ya komo da yamma a gajiye, cike da ɓacin rai, ba wanda ya san da zamansa a unguwa. Abin da yaron ya hango ta taga, wanda bai gani ba a wurin ubansa, shi ne girma: mutane ne da suke ajiye mota inda suka ga dama ba ɗan sandan da zai ce musu uffan, suna kwana caca maƙwabta ba su kai ƙara, in sun shiga wuri a miƙe musu. Da makaranta ta aiko wa ubansa takarda cewa ya yi watanni bai zo aji ba, uban ya yi masa dukan kawo wuƙa, sai mutanen tashar suka kama mai kai wasiƙu suka razana shi, daga ranar ba wata takardar makaranta da ta sake shiga gidan. Maƙwabta suka fara shakkar gidansu, yaran unguwa suka riƙa ɗaukar wa uwarsa kayan cefane har gida. Ran da aka fara kama shi kuwa, ya tsaya gaban alƙali bai ambaci sunan kowa ba, da ya fito sai ya tarar manyan nan sun yi dafifi a bakin kotu suna rungumarsa suna sa masa albarka, kai ka ce walimar saukar karatu ake yi. To, wane yaro ne ɗan shekara goma sha, wanda ya ga an tozarta gumin ubansa an ɗaukaka ƙwacen maƙwabcinsa, zai tsaya yana lissafin abin da zai faru bayan shekara ashirin?

Wannan ne ya sa na fifita shi a kan The Godfather na Francis Ford Coppola, wanda ya fito a 1972, wanda kuma ya fi shi shahara a duniya. Ba na musun cewa The Godfather ya kai matuƙa wajen ƙwarewa, mabuɗinsa kaɗai ma ya isa darasi, inda wani mai sana'ar shirya gawa, bayan kotu ta sallami samarin da suka ci zarafin 'yarsa, ya zo gaban Don Corleone yana neman adalcin da bai samu ba a wurin alƙali. Duk wanda ya taɓa kai ƙara aka yi ta ɗage masa zama har takalminsa ya ƙare ya san abin da ya kai mutumin nan wannan ɗaki. Amma fa fim ɗin ya tufatar da shugaban ɓarayi da alkyabba, ya ba shi haiba da dattako da kishin iyali, ya ɓoye mana talakawan da ake tatsa domin a gina wannan daula, har aka ruwaito cewa 'yan Mafiya na haƙiƙa sun ƙaunace shi, suna kwaikwayon ɗabi'un da suka gani a cikinsa. Scorsese kuwa ya bar shugabanni ya zauna da barori, inda babu wata falsafa sai ci da sha da caca da tsoron juna.

Dattawa suna da rabonsu na gaskiya, kuma al'amarin ya girmi wayar hannu ƙwarai. A fim ɗin Moi, un noir da Jean Rouch ya yi a 1958, an ga wani saurayi ɗan Nijar, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indocin, yana aikin ƙarfi a Abijan yana kwana a unguwar Treichville, ya kuma laƙaba wa kansa sunan Edward G. Robinson, ɗan wasan Amurka da ya yi suna da fitowa a matsayin shugaban 'yan daba cikin Little Caesar na 1931. Wannan saurayi shi ne Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen fim na ƙasar nan, wanda cibiyar al'adu ta Yamai take ɗauke da sunansa. A 1966 kuma Moustapha Alassane, wanda ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin wani da ya komo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu da faɗa da ɓarna. Watau tun Nijar tana da shekara shida da samun mulkin kai, ɗanta ya riga ya lura da yadda hoto yake shiga zuciyar saurayi ya zauna. Bayan haka finafinan Indiya suka zo da nasu, irin su Deewaar na 1975 da Don na 1978, inda Amitabh Bachchan ya mai da ɗan fasa-ƙwauri gwarzo abin tausayi, Hausawa kuwa ba su da na biyu wajen son waɗannan.

Sai dai kada mu ɗora wa baƙo abin da ya tarar a gida. Ba mu san Scorsese ba lokacin da Gambu mai waƙar ɓarayi, mutumin ƙasar Kabi, yake kiɗa yana wasa ɓarayi da sunayensu, ana sayen kaset ɗinsa ana saurare a tashoshi da kasuwanni, mutanen kirki suna dariya suna jinjina wa fasaharsa, har Allah ya nufe shi da barin abin. Sha'awar tantiri tsohuwa ce a cikinmu kamar yadda take a cikin sauran 'yan Adam. Abin tambaya shi ne me yake mai da wannan sha'awa ta zama sana'a.

Ƙonni gari ne da hanya ta raya. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa shi, 'yan kilomitoci ne tsakaninsa da Illela ta Nijeriya, daga can kuwa a miƙe sai Sakkwato, a Tsernawa kuma hanyar Tawa ta rabu ta bi ta Badagishiri. Arzikin halal yana nan jibge, daga albasar Galmi wadda sunanta ya kai gaɓar teku, zuwa simintin Malbaza, da noman rani na filayen ban ruwa na Ƙonni masu faɗin hekta fiye da 2,000, da dabbobin da ake kora zuwa kudu. Amma ba wanda zai ɓoye wa kansa cewa shekaru da yawa wani babban kaso na abincin gari yana fitowa ne daga bambancin farashi tsakanin ƙasashen biyu, musamman man fetur da gwamnatin Nijeriya take tallafa wa a wancan lokaci, wanda 'yan ruwa-ruwa suke ɗauko wa a jarkoki bisa babura ta hanyoyin daji, a zuba a kwalabe a jera a bakin titi, ɗan kabu-kabu ya saya, ma'aikaci ya saya, liman ma ya saya. Da Nijeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019, da kuma aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024, ciniki bai mutu ba, daji ya koma, kuɗin ƙetarewa ya hau. Janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 shi ne ya fi karya ribar 'yan ruwa-ruwa, ya bar samari da dama da babur da sanin hanya, ba su da abin ɗauka.

Ba zan kira yaron da ke sayar da mai a kwalba ɗan Mafiya ba, domin yin haka zalunci ne. Iyakar nan Ingila da Faransa suka shata ta cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suka raba dangi ɗaya masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, kuma da wuya ka gamsar da wanda gonarsa take nan, surukansa suke can, cewa buhun geron da ya ɗauko laifi ne. Abin da nake tsoro wani abu ne daban. Hanyar dajin da ta saba da jarka ba ta tambayar abin da ke cikin buhu. Ma'aikacin da ya saba karɓar na goro ya kau da kai ba zai kwance kaya ya duba ba. Garin da ya saba yin shiru a kan ƙaramin abu ya riga ya koyi shirun da babban abu yake bukata. Ta nan tramol yake bi, ta nan makamai suke bi, ta nan mai da babura da abinci suke isa ga waɗanda suke zaune a dazuzzuka. Shi ma Henry da taba ya fara.

Akwai wani wuri a fim ɗin da nake so kowane mai gari da kowane hakimi ya gani. Wani mai gidan abinci, da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ya dame shi da cin bashi da duka, sai ya tafi wurin ubangidansu yana roƙo ya shigo su yi tarayya a gidan, domin ya sami inuwa. Ubangidan ya nuna kamar ba ya so, sa'an nan ya yarda. Daga ranar sai ya zama tilas a kai masa rabonsa kowane mako, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ana karɓo kaya bashi da sunan gidan ta ƙofar gaba ana fitar da su ta ƙofar baya ana sayarwa da rahusa, har bashi ya kai inda ba mai ƙara bayarwa, sai suka cinna wa gidan wuta. Wanda ya bi labarin Lakurawa a ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, waɗanda ba su da nisa da mu, ba ya bukatar sharhi: bisa ga abin da ya shahara, da farko an karɓe su ne domin su kare jama'a daga ɓarayin shanu, daga bisani suka juyo suna karɓar dabbobi da sunan zakka suna hukunta mutane, har rundunar sojan Nijeriya ta fito ta yi shelarsu a Nuwamba 2024. A wajen Sabon Birni da Isa kuwa, 'yan bindiga suna aza wa ƙauyuka tara kafin a yi noma ko a girbe. A ƙarshen Oktoba 2020, a Masalata, nan bayan garin Ƙonni, wasu masu bindigogi suka ɗauke wani Ba'amurke daga gidansa da dare suka ƙetara da shi Nijeriya, sojan Amurka suka bi sawu suka ƙwato shi cikin 'yan kwanaki. Shi ƙasarsa tana da jirage. Manomin da aka ɗauke a bakin gonarsa, 'yan'uwansa sai su sayar da shanu da rumbu su kai kuɗin fansa.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu fahimtar cewa wannan ɓarna aikin jama'a ce. A babin hiraba, watau fashi da makami, wanda ɗalibi yake tararwa a Risala da Muhtasar, mazhabar Imamu Malik tana ba mai taimako da mai tsaron hanya hukuncin wanda ya zare makami, ko da shi bai taɓa kowa ba, alhali Imamu Shafi'i yana ganin ta'aziri ya wadatar a kansa. Na fi karkata ga fahimtar Malikiyya a nan, domin ita ta dace da abin da ido yake gani: da ɗan gari akan ci gari, kuma ba a taɓa ɗauke mutum daga ɗakinsa ba sai da wanda ya san ɗakin, ya san ran da aka sayar da albasa, ya san inda kuɗi suka kwana. Ba ina kira ga kowa ya ɗauki hukunci a hannunsa ba ne, wannan haƙƙin hukuma ne. Ina tunatarwa ne cewa a ƙasar da aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Maratta kusa da Galmi a 1754, wanda ya ƙidaya cin dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa cikin aibobin masu mulki a Kitabul Farƙi, bai kamata a ce sai wani Ba'amurke ɗan asalin Italiya ya zo ya nuna mana cewa mai sayen kayan sata da mai karɓar rashawa abokan tarayyar ɓarawo ne ba.

Rabin fim ɗin na biyu rushewa ce zalla, kuma an yi ta ba tare da wa'azi ba. Akwai yaron da yake kawo musu abin sha a wurin caca, wanda Tommy, abokin Henry (Joe Pesci ne ya fito a matsayinsa, ya kuma sami kyautar Oscar a kai) ya harbe har lahira saboda ya mayar masa da magana, sauran kuwa babban abin da ya dame su shi ne wahalar haƙa rami. A watan Disamba na 1978 suka fasa ma'ajiyar kamfanin jiragen Lufthansa a filin jirgin sama na Kennedy, suka kwashe tsabar kuɗi wajen dala miliyan 5 da kayan ado, wanda yake abu ne da ya faru da gaske, kuma galibin dukiyar ba a same ta ba har yau. Amma maimakon a raba, sai jagoransu ya bi abokan aikin ɗaya bayan ɗaya yana kashewa, ana tsintar gawarwaki a mota da juji da motar sanyaya nama. Shi Tommy an kira shi da albishir ɗin za a naɗa shi cikakken ɗan ƙungiya, ya ci ado ya tafi, aka harbe shi a ƙeya. Da Henry ya shiga uku ya je wurin ubangidan da ya yi wa bauta tun yana yaro, sai ya damƙa masa 'yan kuɗi kaɗan ya juya masa baya. Mutanen haƙiƙa da aka gina labarin a kansu, Paul Vario da James Burke, duk a tsare suka mutu, ɗaya a 1988, ɗaya a 1996. Henry ya kai 2012, kuma ko a fim ɗin ba a nuna ya yi nadama ba. Kukansa kawai shi ne ya koma mutum irin kowa, yana bin layi.

Za a ce mini, kuma da hujja, fim ɗin cike yake da ashar da jini da shaye-shaye, bai dace da ƙananan yara ba, kuma saurayi yakan riƙe tufafi da motocin farko ya mance da gawarwakin ƙarshe. Na yarda da na farkon ɗungum. Na biyun kuwa shi ne ainihin cutar zamaninmu, domin yaran yau ba sa zama su kalli fim na sa'a biyu da rabi. Guntaye suke gani na daƙiƙa talatin, an yanko wurin isa da taƙama an zubar da sakamako, kuma a wannan dandali na TikTok har 'yan bindiga na gaske suna fitowa suna baje kuɗi suna yi wa mabiyansu kyauta. A 2021 hukumar tace finafinai ta jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Hausa. Na fahimci niyyar, amma ina ganin an rufe bakin wanda zai iya ba da labarin har ƙarshensa, an bar wanda yake ba da rabinsa mai daɗi yana yawo a aljihun kowa. A wannan shekarar ce kuma Aicha Macky ta fitar da fim ɗinta Zinder, inda ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira fale, da masu fasa-ƙwaurin mai, ta bar su suka yi magana da bakinsu, ba ta wanke su ba, ba ta kuma la'ance su ba. Irin wannan aiki nake fatan a yi wa bakin iyakarmu, da Hausarmu ta Adar da Ƙonni, a nuna wanda ya ɗauko kaya, a nuna wanda ya buɗe masa shinge, a nuna alhajin da yake zaune a gida kaya nasa ne, a nuna uwar da ta karɓi atamfa ba ta tambaya ba.

Kafin a sami mai yin wannan fim, akwai abin da yake hannunmu. Malaman makarantun sakandare da shugabannin fadodin samari su nemi irin waɗannan finafinai su kalla tare da manyan ɗalibai daga farko har ƙarshe, a tsaya a tattauna. Masu wa'azi su rage zagin majigi su ƙara magana a kan dukiyar da ba a san asalinta ba, ko da mai ita shi ya shimfiɗa dardumar masallaci. Kai kuma mai karatu, ran da yaron unguwarku wanda ba ka san masa sana'a ba ya komo da sabon babur da waya mai tsada, ya zo neman auren 'yarka ko 'yar ɗan'uwanka, ka tambaye shi inda ya samu tun kafin ka karɓi goron, ka kuma aika a bincika maka amsar da ya ba ka.